Accra zuwa Gwanzu: ta Dubai ko ta Addis Ababa?

Hajiya, kin tambaya nisan da ke tsakanin filin jirgin Accra da na Baiyun a Gwanzu, da kuma hanyar da ta fi kusa ga mai zuwa saro kaya Caina: ta Dubai ko ta Addis Ababa.

Da jirgi zai miƙe sambal, tazarar wajen kilomita 12,100 ce. To babu mai miƙewa, dole a yada zango.

Ta Dubai, da Emirates: daga Accra kusan kilomita 6,300, awa takwas ko ƙasa kaɗan. Daga can zuwa Gwanzu kusan 5,800, awa bakwai da ɗoriya. Jimla dai 12,100 ɗin nan ce. Mutanenmu a unguwar Nima ta Accra da yawa suna ɗauka zagaye ne, don a taswira sai ki ga kamar an haura arewa an sake gangarowa. Taswirar ce shimfiɗaɗɗiya, duniya kuwa ƙwallo ce, kuma Dubai kusan a kan layin take zaune.

Ta Addis, da Ethiopian: zangon farko gajere ne, kusan kilomita 4,300, awa shida ba ta cika ba. Na biyun ne mai jan rai, kusan kilomita 8,050, awa goma kina kan kujera ɗaya. Jimla wajen 12,350.

Bambancin ke nan bai wuce tafiyar Accra zuwa Kumasi a mota ba, abin da jirgi ke cinyewa cikin minti ashirin. Ni ba zan zaɓi tikiti a kan wannan ba.

Abin dubawa shi ne yadda aka raba tafiyar. Dubai ta raba ta kusan biyu daidai. Mai ciwon gwiwa ko kumburin ƙafa ya fi samun sauƙi a nan, ya sauka a tsakiya ya miƙe jiki, ya yi sallolinsa a natse. Addis kuwa ta tara wahalar a ƙarshe, lokacin da jiki ya riga ya gaji. Sannan birnin a kan tudu yake, sama da mita 2,300, in jira ya kai ki dare a filin Bole za ki nemi rigar sanyi, kada ki sa ta a akwatin da aka auna.

Awannin jira ma sukan fi kilomita tasiri. Tikiti biyu masu nisa ɗaya, wani ya kai ki cikin awa ashirin, wani ya kwanar da ke a benci. Ki sa ejan ya nuna miki tsawon jiran da kilo nawa aka yarje miki, musamman na dawowa.

Kada agogo ya ruɗe ki: Gwanzu na gaban Gana da awa 8, Dubai 4, Addis 3. Dawowa takan ɗan fi tsawo saboda iskar sama da ke kaɗawa daga yamma.

In farashin ya zo kusa, Hajiya, ki bi ta Dubai. In kuwa tafiyar ta faɗa Afrilu ko Oktoba, lokacin baje kolin Canton Fair da ake yi a Gwanzu, ki kama kujera da wuri.