Sashen mata da yara na ƴan sanda a Maradi: abin da na gani da na raka ƙanwata

Ƙanwata ta iso gidana bayan sallar asuba da kumburarren ido, tana goye da ɗanta, ta ce: "Yaya, wannan karon ba zan koma ba." Shekara uku ke nan ana kai maganarta wurin iyaye da mai unguwa, kowane zama kuma yana ƙarewa da "ki yi haƙuri, aure ibada ne". Shi ya sa muka hau kabu-kabu muka nufi wani ofishin ƴan sanda da ke cikin gari, inda akwai sashen da ke kula da kare mata da ƙananan yara.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne yadda aka saurare ta. Wata jami'a ce ta karɓe mu, ta ja ƙofa, ta miƙo mata ruwa, sannan ta ce: "Malama, faɗi da Hausa yadda ya faru, babu mai katse ki." Ba ta tambaye ta laifin da ta yi har aka doke ta ba, alhali wannan ita ce tambayar da ƙanwata ta saba ji daga kowa. An rubuta bayanin da Faransanci, kamar yadda aikin hukuma yake, amma an maimaita mata shi da Hausa kafin ta sa hannu.

Daga nan aka tura mu asibiti neman takardar likita, kuma a nan ne na fahimci nauyin wannan takarda. Dokar hukunta laifuka ta Nijar tana ɗaukar duka da jin rauni da gangan a matsayin laifi ko da miji ne ya aikata, kuma adadin kwanakin da likita ya rubuta cewa mace ba za ta iya aiki ba yana cikin abin da ake duba girman hukunci da shi. Don haka duk wadda aka doka ta je tun raunin yana ɗanye, kada ta tsaya gasa jiki da ruwan zafi har shaida ta ɓace. An aika wa mijin sammaci a ranar, aka kuma bayyana mana cewa takardun za su wuce wurin mai gabatar da ƙara.

Inda aikin ya gaza a ganina shi ne bayan an fito ƙofa. Mun jira tun hantsi har bayan azahar a kan benci ɗaya da masu ƙarar sata da bashi, kowa yana kallon idonta, kuɗin takardar likita kuma daga aljihuna ya fita. Babu wanda ya tambaye ta inda za ta kwana, kuma na daɗe ina tunanin macen da ta zo daga ƙauye ba ta da yaya a birni.

Duk da haka ina ba kowace mace shawarar ta je, ta tafi da wadda ta amince da ita, ta kira lamba 17 idan abin ya faru da dare. Washegari kawunnanmu biyu suka zo neman ta janye ƙara don kada a kunyata dangi. Ta ɗauko takardar likitan daga cikin jakarta, ta ajiye a gabansu a kan tabarma, ta ce su fara karantawa.