Lambar Da Ke Bayan Kan Jita: Abin Lura Kafin Sayen Tsohuwar Jitar Cinya

Jitar cinya, wato wadda ake kwantarwa a kan cinya ana goga mata ɗan sandan ƙarfe maimakon danna tsirkiya da yatsu, ta samo asali ne daga tsibiran Hawai, inda ake danganta salon kaɗa ta da Joseph Kekuku a ƙarshen ƙarni na 19. Waɗanda ake rububin saye a yau kuwa su ne masu aiki da lantarki, waɗanda kamfanonin Amurka suka ƙera daga 1932 zuwa wajen 1960, kuma farashinsu ya rataya ne a kan shekarar ƙira. Saboda haka ma'aunina ɗaya ne: wace jita ce mai saye zai iya gane shekarunta da idonsa, ba sai ya dogara da bakin dillali ba?

A kan wannan ma'auni, kayan kamfanin Valco na birnin Shikago ne suka fi kwanta mini a rai. Sunan Valco ba kasafai yake fitowa a goshin jitar ba, domin kamfanin yana ƙera ta ne da sunaye irin su Supro da National, yana kuma ƙera wa wasu kamar Oahu da Airline, har zuwa lokacin da ya rufe a 1968. Abin da ya haɗa su duka shi ne ɗan falle na ƙarfe da ake kafawa a bayan kan jitar da ƙananan ƙusoshi biyu, ɗauke da harafi da lambobi. Harafin V ya fara ne daga 1947, X ya biyo baya daga 1951 ya ci yawancin shekarun 1950, sannan T ya karɓa daga ƙarshensu zuwa farkon shekarun 1960. Lambobin suna tafiya a jere a kan dukkan kayan kamfanin, don haka ko wane suna aka rubuta a gaba, lissafin ɗaya ne. Ga shi kuma na'urar ɗaukar sautinta, wadda tsirkiyoyi ke ratsawa ta cikinta, tana da murya mai kauri da ɗan gurnani wadda ban taɓa gajiya da ita ba, alhali kuɗinta bai kai na takwarorinta ba. Wanda zai fara tara irin waɗannan kaya, da Supro ya kamata ya fara.

Rickenbacker ita ce uwa ma ba da mama, domin ita ta fitar da samfurin da ake wa laƙabi da kaskon suya a 1932, bisa ƙirar George Beauchamp, sannan samfurin B na baƙar roba mai tauri ta Bakelite a 1935. Sai dai lambar da ke jikin waɗanda aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba ta fitar da shekara, dole sai an koma ga siffa. Maganaɗisun na'urar ɗaukar sautinta mai kamar takalmin doki faɗinsa inci ɗaya da rabi ne kafin yaƙin, bayan yaƙin ya koma inci ɗaya da kwata. Tsofaffin suna ɗauke da sunan a rubuce da harafin h, wato Rickenbacher, kuma lambar rajistar mallakar ƙira ba za ta bayyana a kan wadda aka yi kafin 1937 ba, tun da a shekarar ce aka ba da ita. Kaya ne mai kyau, amma na wanda idonsa ya riga ya buɗe ne.

Gibson ta birnin Kalamazoo tana da samfurin EH-150, kuma harafin da ke bin lambar odar masana'anta yana taimakawa, A na 1935, B na 1936, haka dai a jere. Amma a shekarun 1960 kamfanin ya riƙa maimaita lambobi, har jita biyu masu shekaru daban su ɗauki lamba ɗaya. Wannan ya ishe ni dalilin wucewa.

Fender kuwa a kanta na sha kashi, kuma laifin ba na kamfanin ba ne, na wani dillali ne a ƙasar waje da kuma gaggawata. Na sayi samfurin Champion, wanda aka yi daga 1949 zuwa 1955, bisa hotuna uku da lambar da ya karanto mini, alhali lambobin jitocin cinya na Fender ba su bin shekara sau da ƙafa. Da ta iso na kwance farantin ƙarfen, sai na ga dalmar da aka liƙa wayoyi da ita tana ƙyalli kamar jiya aka narka ta, wayoyin kuma masu rigar roba ne, ba masu rigar zare irin na wancan zamani ba. An cire na'urar ɗaukar sautin ta asali an sa sabuwa. Dalilin sananne ne: na'urar Champion ta yi kama sosai da ta Telecaster ta farko, wato shahararriyar jitar lantarki ta Fender, saboda haka ana farke waɗannan jitoci a sayar da na'urar daban da tsada, a bar wa mai tsautsayi gangar jiki. Lambar gaskiya ce, jitar ma tsohuwa ce, amma abin da na biya kuɗi dominsa ba ya ciki.

Tun daga ranar ba na yarda da lamba ita kaɗai, ko da ta Valco ce, domin fallen da ƙusa biyu ke riƙe da shi ba ya gagarar mai son ya ɗauke shi daga wata jita ya kafa a wata. A duba ko akwai ramukan ƙusa fiye da biyu, ko kuma inuwar wani falle a kan fentin da ba ta yi daidai da wanda ke wurin ba. Shaida ta biyu tana bayan mamurɗin ƙara, wato 'yar na'urar da ke ƙarƙashin abin da ake juyawa don ƙara murya. Bayan yaƙin masu ƙera ta sun riƙa buga lamba a jikinta: uku na farko na kamfani ne, 137 na CTS, 304 na Stackpole, 134 na Centralab, sai lambar shekara, sai biyu na ƙarshe na mako. Idan aka ga 304326 a jitar da siffarta ta shekarun 1950 ce, to Stackpole ce ta yi shi a mako na 26 na 1953. Wannan yana nuna cewa ba a haɗa jitar kafin wannan mako ba, matuƙar ba a taɓa canza shi ba, amma bai nuna ranar da aka gama ta ba, domin mamurɗi yakan daɗe a ajiye. Fender ma ta sayi tuli a 1966 ta yi ta amfani da su shekaru bayan haka.

Dillalin da ya ce ba zai iya kwance ƙusoshi huɗu ya ɗauko hoton ciki ba, wai kada ya ɓata kaya, ina barin masa kayansa. Abin da nake nema kafin na tura ko sisi shi ne hoton bayan kan jitar a hasken rana, da hoton bayan mamurɗin yadda lambar za ta karantu, da hoton wurin liƙin dalma daga kusa.