Fim ɗin da aka tura min bisa kuskure: On Dangerous Ground

Fim ɗin faɗa na je nema. Na ce wa yaron da ke turi a shagon bakin layinmu, "Ƙanena, sa min na 'yan sanda, mai zafi." Ya karɓi memori, ya karɓi kuɗinsa yadda aka saba, na wuce. Bayan Isha na buɗe, sai ga hoto baƙi da fari, tsohon fim na kamfanin RKO na 1951. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗauki waya zan kira shi. Abin da ya tsayar da ni shi ne farkon fim ɗin.

'Yan sanda uku na shirin fita aikin dare a wani birni na Amurka. Ɗaya matarsa ce ke ɗaura masa bindiga, ɗaya yana cikin tarin 'ya'yansa. Na ukun, Jim Wilson, wanda Robert Ryan ya fito a matsayinsa, yana zaune shi kaɗai yana cin abinci, idonsa a kan hotunan masu laifi. Babu wanda ya ce masa a dawo lafiya. Aikin ya cinye shi har ya zama in ya kama mutum sai ya kusa raba shi da ransa, yana duka yana tambayar wanda yake dukan me ya sa yake sa shi yin haka. Da abin ya ishi ogansa, sai ya tura shi can ƙauye cikin duwatsu da dusar ƙanƙara, ya taimaka a kamo wanda ya kashe wata yarinya. A can ya haɗu da uban yarinyar, Walter Brent, riƙe da bindigar farauta, ya rantse ba kotu ba alƙali. Wato ya tarar da mai irin halinsa.

Duk wannan share fage ne. Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a gidan da sawun wanda suke bi ya kai su. Mace ce ta buɗe ƙofa, Mary, wato Ida Lupino, kuma darakta Nicholas Ray bai yi saurin nuna mana fuskarta ba. Ka ga hannunta yana taɓa wannan, yana shafa wancan, tana tafiya a ɗakinta ba gargada, tana haɗa shayi. A hankali Wilson ya gane ba ta gani. Ni kuwa na riga shi ganewa, domin haka Gwaggona take tafiya tun da idonta ya tafi: hannu a jikin bango, daga randa zuwa bakin ƙofa, ta san inda kowace buta take, kuma in ka gusar mata da kujera ka cuce ta. Sai Mary ta tambaye shi yadda aikin ɗan sanda yake, ya nuna mata cewa aikin ya koya masa kada ya yarda da kowa. Ta ce ai ya yi sa'a, ita dole ne ta yarda da kowa. Wallahi nan na tsayar da fim ɗin, na daɗe zaune a duhu. Wata huɗu rabona da zuwa gaida Gwaggo, alhali kuɗin mota bai fi ƙarfina ba. Ita ma duk wanda ya miƙo mata canji karɓa take, duk wanda ya ce "Gwaggo, ga hanya" bi take.

Wanda ake nema ƙanin Mary ne, Danny, yaro mai taɓin hankali, ta ɓoye shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ta roƙi Wilson ya kama shi da rai. Mutumin da hannunsa bai san komai ba sai duka, shi ne ya tsaya gaban yaro mai wuƙa yana lallashinsa da murya ƙasa-ƙasa. Kiɗan Bernard Herrmann ma ya yi aikinsa: ƙahoni masu tada hankali lokacin da ake bin yaron kan dutse, sai wani irin goge mai sanyi duk sanda Mary ta bayyana.

To amma fa ba zan ɓoye ba, daga nan na fara jin haushi. Yaron ya faɗo daga dutse ya mutu, uban yarinyar ya dube shi ya ga ashe yaro ne ƙarami, ya saɓo gawar da kansa. Wannan ya isa. Mary ta sallami Wilson, ya kama hanyar birni. Sai kawai ya juyo da mota, ya dawo, ta miƙo hannu daga kan matakala, shi ke nan an daidaita. Haba! Mace ta rasa ƙaninta ɗaya tilo, a hannun mutumin da ya yi mata alkawari, kuma cikin minti biyar a ce soyayya ta ƙullu? Fim ɗin duka minti 82 ne, da sun ƙara goma ba wanda zai yi ƙorafi. Ban ƙi ya dawo ba, na ma so ya dawo, amma a bar zuciya ta huce tukuna.

Kuma a daidai wannan wurin ne kwafin da yaron nan ya tura min ya lalace. Murya ta riƙa zuwa bayan baki ya gama motsi, ga rubutun fassarar da ke ƙasa na wani yare ne daban da ban san shi ba. Na biya kuɗi cikakke, an ba ni abin da ban nema ba, shi ma ɗin gurgu. Washegari na koma na faɗa masa, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, bari in goge in sa maka wani." Na ce kada ya kuskura ya goge, ya nemo min mai kyau dai. Yau kwana shida ke nan yana ce min gobe.