Fabric.js a shagon buga katin gayyata: inda ya yi kyau da inda ya gaza

Duk wanda ya san shagunan buga takardu na cikin Katsina ya san yadda suke cika a watan Sha'aban, lokacin da ɗaurin aure ke yawaita kafin azumi, da kuma lokacin da makarantun Islamiyya ke shirin walimar sauka. Mutum zai zo da sunan ango da na amarya da masallacin da za a ɗaura aure, ya tsaya a bayan mai kwamfuta yana cewa a ƙara girman wannan, a matsa da wancan, a sauya launin gefe, alhali wasu na zaune a benci suna jiran layi. Yawancin wannan aiki da CorelDRAW ake yin sa, manhaja ce mai ƙarfi da aka yi domin ƙwararrun masu zane, sai dai katin aure ba ya buƙatar mafi yawan kayan da ke cikinta, kuma yaron da aka ɗauka sabo yakan daɗe kafin hannunsa ya faɗa. Wannan ne ya sa wani mai shago a wajen Ƙofar Ƙaura ya nemi in haɗa masa ƙaramar manhajar zane tasa ta kansa, wadda za ta buɗe a burauza, ta zo da katunan da aka riga aka tsara, yaro ya sauya suna da rana da hoto kawai, ya tura wa firinta. Da Fabric.js na gina ta, wani kod da aka saki a fili wanda ake gina manhajojin zane a kansa.

Mai hankali ba ya fara irin wannan aiki daga ƙasa. Kafin a iya jan hoto da linzamin kwamfuta, a juya shi, a faɗaɗa shi daga kusurwa, a san wane abu ne ke saman wane, akwai lissafi mai yawa wanda wasu suka riga suka yi, suka kuma saki kod ɗinsa a fili domin kowa ya ɗauka. Irin wannan shi ne ginshiƙin manhajar zane, kuma mai ɗaukarsa kamar magini ne da ya tarar an haƙa harsashi an tayar da ginshiƙai, saura ya raba ɗakuna yadda mai gida yake so. Tunanin ya daɗe. Kent Beck da Ward Cunningham sun rubuta HotDraw da harshen Smalltalk tun a shekarun 1980, daga baya Erich Gamma da Thomas Eggenschwiler suka sake gina shi da Java da sunan JHotDraw. Abin da suka kafa shi ne har yau ake bi: kowane abu da ke kan allo yana riƙe da bayanin kansa, wato wurinsa da girmansa da launinsa, yana da 'yan madannai a gefensa da ake kama shi da su, sannan akwai kayan aiki daban na zaɓa da na zana layi da na rubutu.

Na gwada uku daga cikin irin waɗannan ginshiƙai da ke aiki a burauza, wato Fabric.js da Konva da Paper.js, dukkansu kuma suna ƙarƙashin lasisin MIT. Wannan batu na lasisi shi ne na fara dubawa, domin Alhaji mai shagon kuɗi zai nema da manhajar. Lasisin MIT ya yarda a ɗauki kod ɗin, a gyara shi, a sayar da abin da aka gina da shi, sharaɗin kawai shi ne a bar sanarwar haƙƙin mallaka da rubutun lasisin a ciki, kuma babu wanda za a kama da laifi idan wani abu ya lalace. Ba kowane abu da aka ga kod ɗinsa a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod, ne ke da wannan 'yanci ba. Misali, wani ginshiƙin zane mai suna tldraw ya fara ne da MIT, amma a ƙarshen 2023 masu shi suka koma wani lasisi nasu wanda ya ɗora sharuɗɗa a kan amfani da shi a kasuwanci. Haka kuma mxGraph, wanda a kansa aka gina manhajar zane ta draw.io, masu shi sun daina kula da shi a 2020, ko da yake wasu sun ci gaba da aikin da sunan maxGraph.

Fabric.js na zaɓa, kuma asalinsa ma ya yi kama da buƙatarmu. Juriy Zaytsev ne ya fara rubuta shi a wajen 2008 domin wani shafi da mutane ke tsara zanen da za a buga musu a jikin riga, saboda haka tun farko an yi shi ne domin wanda ba ƙwararre ba ya tsara abin da za a buga. Da zarar an ɗora hoto ko rubutu a kan allon, sai ya fito da madannai a kusurwoyinsa da gefunansa da kuma na juyawa a samansa, ba tare da an rubuta ko layi ɗaya na ƙari ba. Ana iya kulle kowane abu yadda ba zai motsu ba, ko ma a hana a zaɓe shi gaba ɗaya, kuma da wannan na kulle adon gefen kati da tambarin shagon, na bar wuraren suna da rana a buɗe. Ana iya yanka hoton ango ya shiga cikin da'ira ko cikin siffar ƙofar masallaci, ana iya ƙara masa haske idan an ɗauke shi a wuri mai duhu.

Abin da ya fi burge ni shi ne rubutu. A Fabric.js mutum yana danna rubutun da ke kan katin, ya goge, ya sake rubutawa a nan take, yana ganin yadda zai fito, kuma akwatin rubutu mai suna Textbox yana karya layi da kansa idan sunan ya yi tsawo. Wanda ya taɓa shirya katin aure a ƙasar Hausa ya san muhimmancin wannan, domin sunan mahaifi ɗaya kan zo da Alhaji da sarautarsa da garinsa, iyalai biyu kuma kowanne na son a rubuta nasa cikakke. A Konva babu wannan a shirye. Sai mai gina manhajar ya ɗora wani akwatin rubutu na burauza a saman zanen, ya daidaita girmansa da juyawarsa da hannu, sannan ya mayar da abin da aka rubuta cikin zanen. Ana iya yi, an kuma bayyana hanyar a takardun Konva ɗin, amma aiki ne na daban.

Na biyu shi ne adanawa. Da umarni ɗaya ana mayar da katin gaba ɗaya ya zama bayanin JSON, wato rubutu mai tsari da kwamfuta ke karantawa, a sake buɗe shi daga baya kowane abu na wurinsa. Na sa manhajar tana yin haka duk lokacin da aka taɓa wani abu, tana ajiyewa a cikin burauzar, saboda haka idan an ɗauke wuta kafin a tayar da janareto, aikin na nan. Fabric.js ɗin kansa fayil ne da ake saukewa a ajiye a kwamfutar shagon, ba ya neman intanet. Na ga amfanin wannan ranar da wani dattijo ya dawo da yamma yana cewa an ɗaga ɗaurin auren daga Juma'a zuwa Asabar. Yaron shagon ya ce masa, “Baba, zauna, yanzu za a gyara,” ya nemo katin da sunan ango, ya sauya ranar, bai taɓa komai ba bayan wannan.

Sai dai akwai abubuwan da mutum zai ɗauka suna ciki, alhali babu su. Babu maɓallin komawa baya idan an yi kuskure, wanda shi ne abu na farko da hannun duk mai aiki da kwamfuta ke nema. Dole mai gina manhajar ya riƙa tara hoton yanayin katin bayan kowane gyara domin a iya dawowa gare shi, kuma idan katin na ɗauke da manyan hotuna, wannan tarin yakan cinye ƙwaƙwalwar tsohuwar kwamfuta. Layukan da ke taimaka wa mutum ya daidaita rubutu a tsakiyar kati su ma sai an ƙara su. Ga kuma batun sauyin siga: a siga ta 6, wadda ta fito a 2024, an sake rubuta Fabric.js da harshen TypeScript, an sauya sunayen wasu abubuwa da yadda ake jiran hoto ya gama buɗewa, saboda haka da yawa daga cikin darussan da ke YouTube da amsoshin da ke Stack Overflow, shafin tambayoyin masu rubuta manhaja, na tsohuwar siga ne, ba za su yi aiki yadda suke ba. Ɗalibin da ke shirya aikin kammala karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a kwalejin fasaha ta Hassan Usman ya fara duba sigar da ya sauke kafin ya kwafi misalin kowa.

Wajen bugawa ne ake gane bambancin allo da takarda. Katin A5 da za a buga da ɗigo 300 a kowane inci yana buƙatar hoto mai ɗigo 1748 a faɗi da 2480 a tsawo, kuma Fabric.js na iya fitar da shi a wannan girma ko da an tsara shi ƙarami a kan allo. Amma takardar A3 ta haura ɗigo miliyan 17, wanda ke cin kusan megabayit 70 na ƙwaƙwalwa kafin a lissafa hotunan da ke ciki, kuma ƙananan wayoyi sukan kasa ɗaukar wannan. Ga kalandar biki ko babbar bana, gara a fitar da zanen a matsayin SVG, wato fayil da ke adana zane da layuka ba da ɗigo ba, wanda ba ya dusashewa komai girman da aka ja shi, in ban da hotunan da aka saka a ciki. Fabric.js na karanta SVG yana kuma fitar da shi, abin da Konva ba ya yi da kansa, kuma wannan ne dalili na biyu da ya sa na bar Konva duk da saurinsa idan abubuwa sun yi yawa a kan allo. Launi kuwa matsala ce da babu ɗayansu da ya warware, domin burauza da hasken ja da kore da shuɗi take haɗa launi, injin bugawa kuma da tawada huɗu yake aiki. Koren da ke sheƙi a allo yakan fito a dushe a takarda. Alhaji ya duba gwajin farko ya ce, “Malam, wannan ba shi ne koren da mai kati ya gani ba.” Abin da muka yi shi ne muka buga jerin launuka a takarda, muka zaɓi waɗanda suka fito da kyau, na sa su kaɗai a cikin manhajar.

Paper.js, wanda Jürg Lehni da Jonathan Puckey suka fitar a 2011, ya fi sauran biyun iya lanƙwasa layi da haɗa siffofi ko yanke wata daga cikin wata. Wanda ke son manhajar tsara zanen aikin hula ko aska takwas ta babbar riga, can ya kamata ya nufa, amma ba ya zuwa da madannan kama abu ko gyaran rubutu a shirye.

Inda na fi daɗewa, kuma inda nake ganin ya kamata duk Bahaushe mai gina irin wannan manhaja ya fara gwaji, shi ne rubutunmu. Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ba su da matsala da Fabric.js ɗin kansa, matsalar tana ga salon haruffan da aka zaɓa. Yawancin salon ado da ake so a katin aure ba su da su, sai burauza ta aro harafin daga wani salo, sunan Ɗanjuma ya fito da harafin farko daban da sauran. Salon Andika da Charis na ƙungiyar SIL da kuma Noto na Google suna da su cikakku, kuma kyauta ne. Dole kuma a jira salon ya gama buɗewa kafin a zana katin, domin Fabric.js yana auna faɗin kowane harafi ya riƙe ma'aunin, idan ya auna da salon da ba shi ba sai layuka su karye a inda bai dace ba.

Larabci da ajami sun fi wuya. Fabric.js na da hanyar juya rubutu ya fara daga dama, kuma layi na Larabci yakan fito daidai idan an bar shi da salo ɗaya. Amma harafin Larabci siffarsa da faɗinsa suna sauyawa gwargwadon wurinsa a kalma, shi kuwa Fabric.js harafi-harafi yake aunawa. Sakamakon haka, alamar da ke nuna inda ake rubutu takan tsaya a wurin da ba nan ne ba, kuma da zarar an ƙara tazara tsakanin haruffa ko an sauya launin harafi ɗaya, sai kalmar ta tsinke, haruffan su rabu da juna. A katin sauka, inda akwai Bismillah da ayar Alƙur'ani, wannan ba kuskure ne da za a yi wa uzuri ba. Saboda haka na cire su daga cikin abin da ake iya gyarawa: an rubuta su a manhajar zane ta Inkscape da salon Alkalami na SIL, wanda aka yi shi a kan irin rubutun hannun da aka saba da shi a allunan ƙasar Hausa, wani malami ya duba wasullansu, aka mayar da su layukan zane, aka kulle su yadda ba za a iya matse su ko juya su ba.

Sunayen ɗalibai na Larabci kuwa dole a riƙa sauya su, tunda kowace takardar shaida da mai ita. A nan sai da na koma ga dabarar da ake bi a Konva. Idan yaro ya danna wurin sunan, wani akwatin rubutu na burauza ne ke buɗewa a ƙasan katin, ya rubuta a can inda burauzar ke haɗa haruffa daidai, sannan a mayar da sunan cikin katin a matsayin layi ɗaya mai salo ɗaya, an kuma rufe damar ƙara tazara a kansa.