Rayuwar Buduma ta dā: a je tsibiran ko a zauna da dattawa?

Tun da na fara ba da labarin Buduma, mutanen tsibiran Tafkin Chadi masu kiran kansu Yedina, matasa a Injamena da Kuseri ta Kamaru ke tambayata: mu je can, ko mu nemi tsofaffin da suka baro?

Tafiya tana cin kuɗi: mota zuwa Bol, garin da ke bakin tafkin a ƙasar Chadi, sannan kwale-kwale, ga masauki. Zama da dattijo kuwa goro da shayi ne, sai haƙuri. Batun tsaro ya fi nauyi, domin tun 2015 rikicin Boko Haram ya tashi ƙauyukan tsibirai da dama, kuma ba ko'ina sojoji ke bari a shiga ba.

Amma ido yana da nasa rabo. Wanda ya ga shanun Kuri da manyan ƙahoninsu suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri ba zai manta ba. Sai dai tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya ƙafe ƙwarai bayan farin 1973 da 1984, jiragen inji kuma sun ture na ciyawa. Yadda ake ɗaure jirgin ciyawar, da fataucin kanwa da banda irin na dā, a bakin tsofaffi suka rage, kuma tsofaffin kullum raguwa suke yi. Wannan ne ke damuna.

Mai hali da ɗan'uwa a Bol, ya je idan hanya ta yi lafiya. Ɗalibi mai son tarihi ya ɗauki wayarsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, a ba ni labari," ya naɗa.