Kantin maganin da ya sayar wa ƙanwata "sha ka fashe" a Agege

Ƙanwata ta sayi ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe" a wani kantin magani a unguwar Agege da ke Legas, kuma mai kantin bai nemi takardar likita ba, balle ya yi mata bayanin illarsu. Da na karanta jikin katin, ashe dexamethasone ne, wanda likitoci ke bayarwa saboda kumburi da asma. Cikin makonni fuskarta ta cika kamar fanke, tumbi ya fito alhali ƙafafu sun tsuke, sukarin jininta kuma ya hau. Likita ya hana ta dainawa lokaci guda, domin jikinta ya rage samar da sinadarin kotisol na kansa, sai dai a janye maganin sannu a hankali. Ko maganin ciwon kai ba zan ƙara saya a kantin nan ba.