Kwana biyu a tanti a bakin Tafkin Itaska

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da su Hajiya da yara, ka tambaye ni yadda mutum zai bar gidansa mai lantarki da katifa ya kwashi iyali su je su kwana a daji, har ma ya biya kuɗi. To, mun je mun gani, ga bayani.

Wurin sunansa Itaska, gandun daji ne na gwamnatin jihar Minesota a ƙasar Amurka, tafiyar kusan awa 4 daga birnin Miniyapolis idan aka nausa arewa. Tun 1891 aka keɓe shi, shi ne mafi daɗewa a jihar, kuma tafkunan da ke cikinsa sun haura 100. Daga babban tafkin ne kogin Misisipi yake fitowa. Kogin nan da jiragen ruwa ke ratsawa a kudancin ƙasar nan, a nan ɗan rafi ne da bai kai min gwiwa ba. An jera duwatsu a bakinsa, autarmu ta riƙe hannun mamanta ta tsallaka, ta dawo ta sake. Akwai wani gungumen itace da aka rubuta cewa daga nan ruwan zai yi tafiyar mil 2,552 kafin ya faɗa teku. Na jima ina kallon ruwan.

Bari in fara da kaya, tunda kai ɗan kasuwa ne. Kayan kwana a daji sana'a ce guda a ƙasar nan: tanti iri-iri, katifar da ake hura wa iska, buhun barci mai zif, ɗan risho mai amfani da ƙaramar tukunyar gas, kular ƙanƙara, tocilar da ake ɗaurawa a goshi. Masu kyan suna da tsada ƙwarai, masu arhan kuwa ba sa ɗaukar wahala. Na sayi katifar iska mai sauƙin kuɗi a wani babban kanti, kafin asubar farko ta sace, bayana ya taɓa ƙasa. Abin da ya cece mu tabarmar robar nan da Hajiya ta aiko mana bara, da barguna biyu. Butarmu da darduma su ma babu abin da ya maye gurbinsu a duk kantin. A wajen ƙarkon kaya dai, ban ga sun fi mu ba.

Inda suka yi mana nisa wajen hidima ne. Lokacin da muka je, kuɗin shigar mota dala 7 ne a rana, ko dala 35 na shekara guda, takardar kuma tana aiki a duk gandayen jihar. Wurin kafa tanti ana biyansa daban, ana kama shi ta intanet tun da sauran kwana 120, kuma na bazara suna ƙarewa da wuri. Ka zaɓi lambarka a taswira, ka iso ka same ta tana jiranka, ba wanda zai ce maka wani babba ya riga ka. Kowane fili yana da teburinsa da murhun ƙarfe mai raga a sama. Famfo yana kusa, banɗaki a share, da ruwan zafi na wanka. Da safe na ga wata ma'aikaciya tana wanke shi, da yamma na koma na tarar da shi fes. Wannan ne ya fi tsaya min a rai, domin ba wata fasaha ba ce, mutum ne aka ba aiki, ake biyansa, yake yi kullum.

Dokokinsu kuma ana bin su. An hana zuwa da itacen da ba a tantance ba, saboda wani ƙwaro da ke ɓuya cikin ɓawo yana kashe bishiyoyi, sai mu saya a wurin. Da farko na ji zafin biyan kuɗin itace ina tsakiyar daji, amma da na tsaya ƙarƙashin bishiyoyin nan dogaye da suka shekara fiye da 200, na daina ƙorafi. Yaro ƙasa da shekara 10 ba ya shiga kwale-kwale sai da rigar ceto. Ƙarfe 10 na dare kowa ya rage murya. Abinci kuwa a mota ake kulle shi saboda namun daji.

Naman halal daga shagon 'yan Somaliya muka taho da shi cikin ƙanƙara, domin ban sa ran samunsa a ƙauyukan da ke kusa ba. Maman yara ta kwaɓa ƙuli-ƙuli da yaji, na jera tsire a kan ragar. Ƙamshin ya sa wani dattijo da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo, muka ba shi tsinke biyu, shi kuma da safe ya kawo wa yara kifin da ya kama. Salla ce ta so ta wahalar da mu, don rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9, isha'i ta yi nisa, asuba ta zo da wuri. Sauro kuwa ya fi na damina a gida naci, ga kaska, dole kowane dare mu duba jikin yara.

Da na idar da sallar asuba ta biyu, hazo ya rufe tafkin, wani tsuntsun ruwa yana kuka mai tsawo, sai Tiga ta faɗo min, ranar da ka kai mu muna yara, da ruwan Wikki na Yankari. Wallahi Yaya, kyan wurarenmu bai gaza wannan ba. In Allah ya kawo mu hutun baɗi, ka nemo mana mota, ni zan taho da tantin. Ka gaya wa Hajiya tabarmarta ta yi aiki, ta ƙaro mana guda biyu idan an samu mai tahowa.